Kwanciyar Damina

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Babana,

Ina gaishe ka gaisuwar da bakina ba ya iya yi maka. Ina fatan ka tashi lafiya, ko da yake gida ɗaya muke kwana, kuma ina jin motsin butarka kowace asuba. Allah Ya tsare ka a zaune, Ya tsare ka a tafe, Ya raba ka da sharrin mutum da sharrin takarda.

Na san abin da kake jira. Jakarka tana jingine a bayan ƙofa tun ranar da aka ce an ɗauke ka aiki a Kaduna. Sun ce in ba ka bayyana ran Litinin ba wani za su ba, kai kuma ka ce ba za ka taka ƙofar gida ba sai na sa maka albarka. Na ce ban yarda ba, ban kuwa faɗi dalili ba. Kullum ka durƙusa ka gaishe ni, in ce lafiya, in juya ga rediyo. Kai ɗan fari ne, ga sunan mahaifina a kanka, doguwar magana ido da ido ba ta yiwuwa tsakanina da kai, haka aka tashe mu. Shi ya sa na koma ga takarda, ni da ko sunana ban iya rubutawa ba. Ka bi ta a hankali, kada ka tsallaka ƙarshe kana neman amsa.

Hannun da kake gani na Garba ne. I, Garban da kake tunani, ɗan kawuna, abokin wasana, wanda na hana a ambaci sunansa a gidan nan tun kana firamare. Na hau a-daidaita-sahu na same shi a kasuwar katako ta Na'ibawa, inda yake yi wa wani Alhaji awo. Da ya gan ni ko tashi bai yi ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Haladu, ashe kana raye. Yau kuma wane ciwo za a rubuta maka?" Na ce masa takarda ta kawo ni, ba zumunci ba. Ya ce to, biro ba ya gaba da kowa, ya tura mini benci da ƙafa. Akwai masu rubutu a garinmu, amma kafin tawada ta bushe magana ta zaga majalisa. Kuma wannan magana shi kaɗai ya san farashinta.

Aikin da ka samu, kamar yadda ka bayyana wa ƙanwarka na jiyo ta taga, shi ne ka zauna a ofishin wani asibitin kuɗi kana haɗa takardun abin da aka yi wa marasa lafiya, kana aika wa kamfanin inshora ya biya. Wannan kujerar ita ce kujerar da Garba ya zauna a kai, yana da shekarunka, da farar riga irin taka.

Kai ba ka san Challawa tana da rai ba. Ka taso ka tarar da rabin kamfanonin a rufe, ciyawa ta cinye ƙofofi, haka Sharada, haka Bompai. A zamaninmu in jiniya ta yi kuka da safe sai ka ga kekuna kamar fari sun fito daga kowane ƙauye, ga mutanen Jigawa, ga mutanen Damagaram da rawunansu, ga masu ƙosai da koko a bakin ƙofa suna kiran kowa da sunansa. Ni a kamfanin fata nake, ɓangaren jiƙo, inda ake tsoma ƙiraga a ruwan magani gashi ya zube. Wari ne da ke bin mutum har masallaci. Mahaifiyarka takan ajiye mini ruwa da sabulu a zaure, ta ce ba zan shigar mata ɗaki da mushe ba. Yau, wallahi, har warin nan kewarsa nake yi. In iska ta kaɗo shi daga wajen kogi sai in ga kamar zan shiga gida in tarar da bokitin nan a zaure.

Amma ka san inda aka gina wannan kamfani? A kan gonar kakanka, wanda kake ɗauke da sunansa. Aka zo da igiyar awo da 'yan sanda, aka ba shi abin da bai isa sayen jaki biyu ba, aka ce ci gaba ne. Na shiga aiki a kan ƙasar ubana ina lebura, ina cewa ranka ya daɗe ga wanda bai san inda tsamiyarmu take ba. Wannan abu yana nan a raina har gobe, kuma ban yafe ba. Garba ya ce in bar wannan zance, ba shi ya kawo mu ba. Na ce ya rubuta, ai ba shi ke biyan takardar ba.

Na faɗa maka ne don daga nan kuskurena na farko ya tsiro. Na sa a raina cewa duk abin da na ci na kamfani, nawa na ci. To ka ji, Babana. Duk ranar da ka ji zuciyarka tana ce maka ai su ma masu inshorar nan ɓarayi ne, ai suna danne haƙƙin asibiti, ai talaka suke cuta, ka tashi ka yi alwala. Mai yiwuwa gaskiya ne, suna yi. Nawa ma gaskiya ne. Amma na tsaya gaban alƙali da gaskiyar gonar ubana a bakina, ko tambayata ba a yi ba.

Ga yadda abin ya faru. Kamfani ya yi yarjejeniya da wani ƙaramin asibiti a Sharada, kowane ma'aikaci aka ba shi kati, shi da iyalinsa, a duba ka kyauta, asibiti ya aika wa kamfani lissafi. Likitan mutum ne mai fara'a, mai gaisawa da lebura hannu da hannu. Garba shi ne akawunsa, shi kaɗai ne a danginmu ya gama sakandare a lokacin, muna alfahari da shi kamar shi ne likitan.

Mu kuma manoma ne da aka sa wa rigar kamfani. Kamfani bai san hadari ba. In ruwan shuka ya sauka, ƙasa ba ta jiran Lahadi. In ciyawa ta taso, ba ta san kana aikin rana ko na dare ba. Ka je wurin hedima, shugaban leburori, neman hutu ya ce fata ba ta san damina ba, in ka yi fashi a yanke maka, in ka maimaita a sallame ka. Sai wata shekara wani daga cikinmu ya je asibiti da zazzaɓi na gaske, yana kukan gonarsa, likita ya yi dariya ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Za a rubuta an ba ka gado, ka dangwala yatsa, ka tafi gonarka, kamfani ya biya ka kwanakinka tunda kana jinya. Da za ka tafi ma a haɗa maka da gwangwanin madara da sabulu, wai na mai jinya. Kafin damina biyu abin ya zama al'ada, har suna muka sa masa, kwanciyar damina. Mutum ya gamu da kai a hanya da fartanya a kafaɗa ya ce, yaushe za a sallame ka? Ka ce sai an gama maimai. Mu yi ta dariya. Ba wanda ya kira shi sata. Mu a ganinmu likita ne mai tausayin talaka.

Mahaifiyarka ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ran da na fara kawo madarar ta tambaye ni ta mece ce, na faɗa mata ina washe baki. Ta ce ba a wasa da ciwo, wanda ya kira shi da ƙarya yana iya amsawa da gaske. Ta hana a zuba muku ita a koko. Na ce mata maganar mata ce, na kai madarar wurin mai shayi. Mace ce mai magana ɗaya, ba ta sake tayar da zancen ba, sai dai duk shekara in na ce mata gobe zan kwanta, takan yi shiru ta ci gaba da tankaɗe. Wannan shirun nata shi nake ji yanzu in gida ya yi tsit.

Saboda haka ka kula da alherin da ba ka san dalilinsa ba. Maigidanka zai yi maka kirki, zai tambayi lafiyata, wataƙila ya aiko mini da magani. Ka gode, amma ka buɗe ido. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba ranar farko za a ce ka rubuta babbar ƙarya ba. Za a ce wannan baiwar Allah kwana ɗaya ta yi, mayar da shi biyu, ai ba ta da hali, da haka za mu cike mata kuɗin magani. Ka ga kamar sadaka ce. Garba ya ce haka aka fara da shi, kuma ran da ya rubuta ta farko har daɗi ya ji, ya ɗauka lada ya samu.

Yanzu ga wadda ta fi yi mini nauyi, kuma mai rubutun yana zaune yana kallona. Garba ya so ya daina. Wata rana ya same ni a gona ya ce abin ya fara ba shi tsoro, likita ya bar masa hatiminsa, komai shi ke bugawa shi ke sa hannu, ya ce bana kada in kawo kowa. Ni ne kuwa mai kai mutane, duk wanda ke son kwanciya ta wurina yake bi, tunda ɗan'uwana ne a ofishin. Na ce masa boko ya sa masa rowa. Na ce mu da muka yi karo-karo aka saya masa keken zuwa makaranta, yau ya zauna a inuwa yana yi mana iyaka da abin da ba na ubansa ba. Na kai ƙararsa wurin kawu, mahaifinsa. Kawu ya kira shi ya ce in ya kunyata dangi kada ya sake zuwa gaishe shi. Garba ya koma ya ci gaba da rubutawa.

To wannan ita ce wadda ba a koya muku a makaranta ba. Kana tsammanin daga sama haɗarin zai zo, daga maigida. Daga wurinmu zai zo. Ran da aka ji kana asibiti a Kaduna, za ka ga ɗan gwaggonka a bakin ofis da matarsa mai ciki, ba su da inshora, a ce ka shigar da ita da sunan wata, ai duk mace mace ce. Za a ce maka zumunci, za a ce ka manta mafari, za a tuna maka wanda ya goya ka. Ka sa hannu a aljihunka ka ba su abin da kake iyawa, in babu ka ba su haƙuri, ka bar su su zage ka a gari. Zagi ba ya kai mutum gidan yari. Ko ni ne na zo da tarin nan nawa na ce ka rubuta ni da sunan wani, ka ce mini a'a, ka ce ni na hore ka. Zan yi fushi, na san halina. Ka bar ni in yi.

Asirinmu kuwa ba ɗan sanda ne ya tone shi ba, dubiya ce. An kawo sabon manajan ma'aikata, mutumin kirki, ɗan malamai. Ya ga sunayen mutanensa da yawa a kwance lokaci guda, hankalinsa ya tashi, ya ɗauka wata annoba ce ta shiga ɓangarenmu. Ya sayi lemo da ayaba ya tafi Sharada dubiya. Ya tarar da gadaje a gyare babu kowa. Mai gadi, bawan Allah, ya ce masa ai masu jinyar damina a gida suke yi. Ya biyo mu har gari. Ranar kuwa gayya ake yi a gonata, har da makaɗi, duk marasa lafiyar kamfani mun jeru tsirara daga ƙugu zuwa sama muna tsere a kunya. Sai ganin mutum muka yi a bakin gona da leda a hannu. Ya daɗe yana kallonmu. Sannan ya ajiye ledar a gindin kuka ya ce, "Sannunku da jiki." Ya juya. Babu wanda ya taɓa lemon nan.

Daga nan aka kira masu bincike, sai ga abin da mu ba mu sani ba. Ashe kwanciyarmu ƙofa ce kawai. A takarda an yi mini aikin gwaiwa, an ƙara mini jini, an ƙara mini ruwa ba adadi. A takarda mahaifiyarka ta haifi 'ya'yan da ba ta taɓa ɗaukar cikinsu ba, har da wanda aka ciro ta hanyar fiɗa. Duk da yatsana a ƙasa, domin in za a ba ka kwanciya farar takarda ake miƙo maka ka dangwala, a cike daga baya. Da labarin haihuwar nan ya kai kunnenta, kwana ta yi ba ta ci abinci ba. Ta ce ita da ta binne biyu na gaske, a rubuta mata na ƙarya a ci kuɗi da su.

Aka kai magana babbar kotu. Laifin da aka karanta, haɗa baki da zamba da ƙirƙirar takardun bogi. Mu leburori aka ce in mun ba da shaida ba za a haɗa da mu ba. Likita ya sami beli tun ranar farko, ya zo da lauya mai ƙaton ciki, ya ce shi yana ɗakin duba marasa lafiya, harkar ofis ya damƙa wa akawu amana, akawu ya ci amanarsa. Aka yi ta ɗage shari'a, damina ta zo ta wuce muna zaman benci. Ran da aka kira ni, aka sa na ɗaga riga a gaban jama'a, maza da mata, a ga ko akwai tabon aiki a marata. Ni, da furfura ta fara fito mini. Har yau ban manta mai gabatar da ƙarar nan da ɗan murmushinsa ba. Sannan lauyan likita ya taso ya tambaye ni wa ke miƙo mini takarda. Na ce Garba. Wa ke buga hatimi? Garba. Ka taɓa ganin likita ya rubuta da hannunsa? Na ce ban taɓa gani ba. Na buɗe baki zan ce amma likita ne ya fara kawo shawarar, lauyan ya ce abin da aka tambaye ni kawai zan amsa. Na yi rantsuwa da Alƙur'ani, kuma duk abin da na faɗa gaskiya ne, da wannan gaskiyar aka ɗaure ɗan'uwana. Garba ya ce wa alƙali shi umarni ya bi. Alƙali ya ce bin umarni ba ya wanke wanda ya san abin da yake rubutawa ƙarya ne. Likita ya mayar da wani abu daga kuɗin, aka sasanta da shi ta bayan fage. Na ji an ce yanzu yana da asibiti mai bene a wani gari, har ana kiransa a rediyo yana ba da shawara.

A nan Garba ya ajiye biro ya tafi alwala, alhali lokacin salla bai yi ba. Da ya dawo ya ce shi ma yana da nasa saƙon gare ka, na ce ya zuba a nan, kada ya tsawaita. Ya ce yanzu sa hannunku ba da biro ba ne, wata lamba ce ta sirri da kuke shiga kwamfuta da ita, duk abin da aka yi da ita kai ka yi, ko kana masallaci aka yi. Kada ka ara wa kowa, ko maigida, ko don minti ɗaya. Ya ce in an umarce ka da abin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, ka ce cikin ladabi a rubuto maka umarnin, mai gaskiya zai rubuta, maras gaskiya zai ce a bar zancen. Ya ce in ka ga ruwa ya fara wari ka fita tun ƙafarka ce kawai ta jiƙe, kada ka ce sai ƙarshen wata. In kuwa, Allah Ya kiyaye, masu bincike suka zo, kada ka yi ƙarya, kada ka ɓoye ko ka goge komai, kada kuma ka sa hannu a bayanin da ba ka karanta ba, ka nemi lauyanka na kanka, ba wanda maigida ya ɗauko maka ba. Shi Garba, lauyan likita ne ya tsaya masa a farko, ya ce ya yi shiru za a kula da iyalinsa. Ni ban yarda da lauya ko ɗaya ba, amma a wannan ka ji maganarsa, ya fi ni sani.

Mu aka sallame mu babu giratuti, aka karɓe katin asibiti. Ba a rufa shekara ba ciwon mahaifiyarka ya tashi. Kana tune da wannan, kai ke riƙe mata kwano. Da katin nan yana hannuna, da an duba ta tun abin yana ƙarami. Muka yi ta bin layi a asibitin gwamnati, yau babu gado, gobe likita bai zo ba, na sayar da tumaki, na jinginar da gona. Ni da na sha kwanciya a gadon da ban taɓa hawa ba, na rasa gado ɗaya da zan kwantar da ita. Ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Daga baya da ƙirjina ya kama, wanda kowa ya san ruwan jiƙo ne ya ci shi, na je neman diyya, lauyan kamfani ya ce wannan ai sananne ne wajen ƙaryar ciwo, kotu ma ta shaida. Haƙƙina ne suka cinye, kuma za mu tsaya gaban Allah da su.

Ka san abin da na yi da wannan baƙin ciki? Na ɗora wa Garba. Na ce shi mai ilimi ne, shi ya san abin da ake cikewa a farar takardar, bai faɗa mana ba. Har yanzu ina nan a kan cewa ya kamata ya faɗa, kuma na maimaita masa yau. Amma duk zamansa a gidan yari ban taka na je ba, ko ƙullin gari ban aika wa matarsa ba. Kawu ya rasu yana ciki. Da ya fito bai dawo gari ba, ni kuma na ce in shi ɗan halak ne shi zai fara zuwa. Na zauna ina jiran mutumin da ni na tura shi rami ya zo ya ba ni haƙuri. Ka ga shekarun da suka tafi. Wanda muka yi kiwo tare, muka yi kaciya rana ɗaya, wanda in na faɗi rabin magana shi ke ƙarasawa. Yau da na ce masa ya tsufa, ya ce, "Ai kai ka fi ni, ni na yi hutu a inuwa, kai kana rana kana gaba." Muka yi dariya har tari ya sarƙe ni, shi ya bubbuga mini baya. Kada ka gaji wannan hali nawa, Babana. Na ga alamarsa a tare da kai, yadda ka kafe a kan jakar nan. In kun saɓa da mutum ka je tun ƙafarka tana iya zuwa.

Saura magana ɗaya, ita ce na fi jin kunyar a rubuta. Garba ya tambaye ni, tsoron gidan yari ne kaɗai ya sa na hana ka? Na ce i. Ya ce ƙarya nake, ya san ni tun ba ni da wando. To, ba shi kaɗai ba ne. 'Yan'uwanka mata duk suna ɗakunansu, autar ma an sa rana. In ka tafi, wa zai ce mini Baba a rage rediyo? Tafiyarka irin ta mahaifiyarka ce, kana jan ƙafar hagu kaɗan, in ka ratsa tsakar gida ina ɗaki nakan rufe ido in saurara. Ban taɓa ɗaukarka a kafaɗa a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanka ba, ran da ka gama makaranta ma cewa na yi ina da aiki a gona. Na je. Ina can bayan rumfa wajen masu sayar da ruwa, na ga an kira ka, na dawo kafin ku fito. Ina so in riƙe ka a gidan nan in ce don tsaronka ne. Amma na taɓa danne yaro mai ilimi da sunan dangi don biyan bukatata, ga shi nan zaune yana awon katako. Ba zan yi sau biyu ba.

Ka tafi. Na sa maka albarka, duniya da lahira, babu sauran komai a raina game da kai. Ban ce ina son aikin ba, ba na so, kuma ba zan fara so ba. Amma Garba ya ce kujerar ba ta da laifi, in mutanen kirki suka ƙi zama a kai, wasu za su zauna. Ka kama hanya ran Asabar don ka sami wurin kwana kafin Litinin. In ka karanta wannan kada ka zo kana yi mini godiya da idanu jajaye, ka gaishe ni kamar kullum, in ce lafiya. In ka sauka ka kira wayar ƙanwarka ka tambayi yadda gero ya yi, zan karɓa in faɗa maka, wannan ya ishe mu.

In kuma wata rana suka kore ka don ka ƙi rubuta abin da ba a yi ba, kada ka tsaya a Kaduna kana jin kunyar dawowa. Ka hau mota ka taho da rana tsaka, ta gaban majalisa, ni zan fito in karɓi jakar da hannuna. Ɗakinka ba zan zuba hatsi a ciki ba, ko rumbu ya cika ya tumbatsa.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da maigida mai tsoronSa. Allah Ya tsare hannunka daga abin da zai kunyata ka, Ya tsare ƙafarka daga ƙofar kotu, Ya ciyar da kai halal ko kaɗan ne. Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya kai haske kabarinta. In da rabon mu sake ganawa, Allah Ya sa ina da sauran numfashin amsa sallamarka. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Haladu